Ya Matsa Gefe Don In Ga Gini

Ƙarshen damina ne, gero ya fitar da kai, shinkafar bakin magudanan Bakolori ta fara yin ja. Shekara ce da ruwa ya wadata amma ba a ji daɗinsa ba. Gonakin nesa an bar wa ciyawa, kowa yana noma inda zai iya hango rufin gidansa, da la'asar ta yi kuma sai hanyoyi su ɗauke ƙafa. A Talata Mafara ko ranar kasuwa da wuri ake naɗe kaya. Tawa damuwar ƙarama ce idan aka ajiye ta kusa da ta mutane, shi ya sa na daɗe ban faɗa wa kowa ba. Fuskar ɗana ce ta fara ɓace mini, kuma ba ni da hotonsa ko ɗaya.

A Aljeriya ya rasu, cikin bazarar shekarar da ta gabata. Ya faɗo daga bene a wurin aikin gini, can aka yi masa sutura, can aka rufe shi. Da farko ina rufe ido sai in gan shi. Daga baya sai ya zama kunnuwa nake gani, da tsayi, da yadda yake sunkuyawa in zai shiga ɗaki, amma tsakiyar fuskar ta ƙi tsayawa. In na matsa wa kaina sai fuskar mahaifinsa ta shigo ta zauna a wurin.

Shi ne ɗan farina. Wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da hakan ke nufi. Ban taɓa kiran sunansa ba. In zan yi maganarsa sai in ce yaron nan, ko in ce wa ƙanwarsa yayanki. Tun da aka yaye shi mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta ɗauke shi zuwa Bakura, a ɗakinta ya girma. Ita yake kira Inna, ni kuwa Adda, yadda ya ji ƙannena suna kirana. In ya zo gaishe mu yakan durƙusa a bakin ƙofa, ni kuma in ci gaba da abin da nake yi, tsintar shinkafa ko ƙullin gyaɗa, ina amsawa ba tare da na ɗago ba. Haka aka yi mini, haka na ga ana yi. Ba wanda ya taɓa kawo wa ransa cewa rashin so ne, shi ma bai kawo ba. Naman da ya fi taushi cikin kwanonsa yake zuwa, ta hannun ƙanwarsa.

Gini ya koya, amma tun da ya mallaki waya mai hoto ya zama kamar wanda aka yi wa asiri. Ranar da ba aiki sai ya ari babur ya tafi madatsar ruwa ta wajen Maradun, ko tafkin da ke bayan Bakura, ya wuni yana ɗaukar ruwa da tsuntsaye da tsofaffin kukoki. Mahaifinsa yakan ce, “Mutane na ɗaukar amare, shi yana ɗaukar kuka. Ko kuka za ta biya shi?” Sai ya yi murmushi kawai. Da aiki ya yi wuya a gida ya bi abokansa arewa, ta Agadas, da niyyar ya yi shekara biyu ya dawo ya yi aure.

Hoton farko a wayar ƙanwarsa ya shigo, don ni a lokacin 'yar ƙaramar waya gare ni, ta kira da amsawa. Muna tsakar gida da maƙwabta muna tsinkar zogale. Yarinyar ta fito da gudu tana cewa Yaya ya iso Agadas. Wayar ta zaga hannu hannu, mata suna sa albarka, suna cewa ya yi kyau da rawani. Da ta zo kusa da ni sai wata maƙwabciyarmu mai son tsokana ta ce, “To a miƙa wa uwar baƙo ta gani.”

Na ce, “Wace uwa? Uwatai na Bakura.”

Aka yi dariya, amma aka ɗora mini wayar a tafi, kuma duk idanu suna kaina ana jiran a ga yadda zan yi. Ga shi nan tsaye, ya naɗa rawanin Buzaye har haɓa, bayansa wata doguwar hasumiya ta jar ƙasa da ta tsuke a sama, itatuwa sun fito daga jikinta ta kowane gefe. Ina so in riƙe wayar nan in daɗe, ba kuma zan iya zama gaban mata ina kallon ɗan fari ba. Sai na ɗora yatsa kan hasumiyar.

Na ce, “Wanga gini hwa? Da ƙasa aka yi shi?”

Ƙanwarsa ta ce masallaci ne.

“Itatuwan ga na jikinshi, na mi ne? Ruwa bai zubar da shi? Ladan har can sama yake hawa?”

Ina ta jero tambaya, yatsana na kan gini, idona na kansa. Na ga leɓensa ya bushe. Na ga takalmin da ke ƙafarsa ba wanda ya tafi da shi ba ne. Maƙwabciyar ta ce, “Ikon Allah, yau mun ga mai gaishe da katanga ta bar mutum.” Ƙanwarsa ta karɓi wayar tana dariya, a gabana ta danna ta aika masa saƙon murya: “Yaya, Mama ba ta gan ka ba sam, hasumiya ta gani. Ta ce da mi aka yi ta, kuma itatuwan na mi ne.”

Da yamma amsa ta zo, doguwa. Ya yi bayanin yadda magina ke taka itatuwan su hau su yi yaɓe in damina ta wuce, da yadda matakalar ciki take da ƙunci. Muryarsa cike da murna, irin murnar wanda ya daɗe yana neman abokin hira. A ƙarshe ya ce, “Ashe Adda ma na son irin abubuwan nan. Ban sani ba.”

Hoto na biyu da na uku ma haka na yi. Yana tsaye gaban wasu duwatsu a Tamanrasat, na tambayi duwatsun. Yana bakin wata rijiya cikin rairayi, na tambayi zurfinta. Da ya samu aiki ya kama kuɗi sai ya aiko aka saya mini babbar waya, ya ce don hotuna su riƙa zuwa mini kai tsaye ba sai an bi ta hannun yarinya ba, wadda a lokacin ma an sa ranar aurenta. Hoton farko da ya shigo wayata na wasu duwatsu ne jajaye da suka miƙe kamar an kafa taɓare a ƙasa. Na duba dama, na duba hagu. Ba ya ciki. A ƙasa ya rubuta: Adda ga su nan duka, na matsa gefe don kada in tare miki.

Na yi ajin yaƙi da jahilci bayan na yi 'ya'ya, ina karatu a hankali, baƙi bayan baƙi. Wannan layin sau da yawa na karanta shi. Na riƙe wayar zan yi magana in ce, a'a, ka riƙa tsayawa a ciki. Bakina ya ƙi. Ta yaya zan ce wa ɗan fari ina son ganin fuskarsa? Sai na ce Allah ya yi albarka, duwatsun sun yi kyau ƙwarai. Na bari a kan wata rana zan sa ƙanwarsa ta faɗa masa a cikin wasa. Na ɗauka lokaci yana nan.

Shekara biyun da ya ce ta zama huɗu. A cikinsu na ga duniya ina zaune kan tabarma. Na ga wani dogon gini a babban birnin ƙasar, kamar ganyen dabino uku da suka jingina da juna suka yi sama, ya rubuta cewa don tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙin neman 'yanci aka gina shi. Na ga kangon wani tsohon gari a bakin teku, ginshiƙan dutse a tsaye ba rufi, ciyawa ta fito a tsakaninsu. Na ga gada a rataye tsakanin duwatsu biyu, ƙasanta rami ne da ba a ganin ƙarshensa, sai da na dafe tabarma. Na ga teku da safe, na gan shi da yamma. Kowane hoto fes, ba mutum ko ɗaya a ciki, kamar garuruwan da aka kwashe mutanensu. Ni kuma kowane lokaci sai in nemo tambaya, don tambaya ce ke jawo muryarsa. Wa ya gina? Dutsen daga ina aka ɗauko? Haka muke hira, ni da shi, a kan gine-ginen da ban damu da su ba. Ko in ce da farko ban damu ba, don daga baya na saba, har ina gane ginin da ya sha gyara da wanda aka bari.

Bayan rasuwar, da aka share makoki, na fara bincike a ɓoye. Wayar ƙanwarsa mai hotunan farko ta faɗa cikin bahon wanki tun tana amarya, mai gyara ya ce ba abin da zai fito daga cikinta. Hoton da ya sa a kan lambarsa na dutse ne. Katinsa na shaida da shi ya tafi. A ɗakin Inna akwai wani hoto da aka yi masa yana yaro ranar salla, na je Bakura da sunan duba jikinta na ɗago shi daga bayan kwalla a jeren kwanoninta, na tarar danshi ya cinye shi, sai hula da ƙafafu. Inna idonta ya riga ya tafi, haske da duhu kawai take bambancewa. Ta ji ina motsa kwanoni ta ce, “Mi kike nema nan?” Na ce tsintsiya.

Sai a wannan ƙarshen damina labari ya zo cewa abokinsa da suka zauna ɗaki ɗaya a can ya dawo gida Maradun. A ranar na kira 'yata, ƙanwar tasa, na faɗa mata gaskiya. Ta ce, “Mama, da kin faɗa tuntuni.” Mijinta ya ba ta izini, mahaifinsu ya ce mu fita da wuri mu dawo da wuri. Muka shiga motar haya da hantsi. Ba mai hira a motar, kowa idonsa na kan daji, wata tsohuwa a gefena tana ta jan carbi har muka shiga gari.

Gidan ƙarami ne, da bishiyar dalbejiya a tsakiya. Mahaifiyar abokin ta tarbe mu, dattijuwa ce mai ƙiba da yawan fara'a, ta shimfiɗa mana tabarma a ɗakinta. Aka gaisa, aka tambayi hanya da ruwa da mutanen Mafara, aka sake sabuwar ta'aziyya kamar jiya aka yi rasuwar. Sannan abokin ya shigo ya durƙusa daga bakin ƙofa. Matarsa da wasu mata biyu na gidan suka zo suka zauna su ma, don kowa na son jin labarin Aljeriya.

Ya ba mu labarin ranar rasuwar, a taƙaice, ya ce bai sha wuya ba, ya ce an samu jama'a a sallarsa. Sai 'yata ta tambaye shi hotuna.

Ya ce, “Ai shi da hoto sai dai ya ɗauka. Juma'a ce kawai hutunmu, mu muna barci, shi ya tashi ya bi mota ya tahi neman gini. Wani lokaci ya ja ni. In mun je sai ya tsaya jiran mutane su wuce, mu daɗe a rana. In ce kai malam, ɗauka mu tahi, yunwa nike ji. Ya ce a'a, Adda ba ta son a tare mata. Wata rana na ce kawo in ɗauke ka gaban abin nan, ko don tarihi. Ya ce ni mi za a kalla a jikina, ga abin kallo nan.”

Matan suka yi 'yar dariya mai haɗe da tausayi. Ni ina kallon zaren tabarma.

'Yata ta ce, “Ko ɗaya babu?”

Ya ciro wayarsa ya daɗe yana turawa da yatsa. Ya ce akwai wani da aka yi musu ranar babbar salla a bayan ɗakin da suke kwana, wani ne ya ɗauka daga nesa don kowa ya shiga. Ya samo shi, ya miƙa wa 'yata da hannu biyu. Ta duba, ta toshe baki da gyale, ta miƙo mini.

Hannuna ya ƙi tashi. Na yi tafiyar nan takanas saboda abin nan, ga shi a gabana, amma ɗakin cike yake da mutane, kuma jikina ya san abin da ya saba yi shekara talatin. Na ji bakina yana shirin tambayar wane irin bulo ne a katangar bayansu.

Dattijuwar ta dube ni. Sai ta dafa gwiwa ta miƙe, ta ce wa surukarta, “Ke, tukunyar can ƙauri take yi ko hancina ne? Ku tashi mu duba. Kai kuma je ka samo wa baƙi fura mai sanyi, kada ka kawo ta jiya.” Ta kama hannun 'yata ta ce ta zo ta ga 'yan awakinta. Da za ta fita ta karɓi wayar ta ajiye a kan cinyata, ta saki labule. Daga baya na ji cewa abokin nan shi ma ɗan farinta ne.

Maza biyar ne a hoton, tsaye jikin katangar da ba a yi wa filasta ba, gabansu tire na nama. Duk sun bar gemu, duk sun yi duhu, uku sun sa hular sanyi. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na tsaya a kan na biyu, na ɗauka shi ne, sai na ga ba shi ba ne, wannan gajere ne. Na koma farko na sake bi. Sai a zagaye na biyu na gane shi, na ƙarshe daga dama, kafaɗarsa ɗaya ta kusa fita daga hoton. Ya rame. Wuyansa ya yi tsawo. Rigar da ke jikinsa ta yi masa yawa. Fuskar gaba ɗayanta ba ta fi ƙwayar wake ba.

Na yi yadda na ga yara suna yi, na ɗora yatsu biyu na buɗe don ta girma. Ta girma, amma tana girma tana wargajewa. Idanun suka zama ɗigo biyu baƙaƙe, bakin ya narke cikin gemun. In na mayar da ita ƙarama shi ne, in na matso da ita ba kowa ba ne. Na yi ta buɗewa ina rufewa, ina neman tsakiyar da zai tsaya a ciki. Akwai wani wuri, kaɗan sama da ƙwayar wake, inda ake gane cewa murmushi yake yi, kuma haƙorinsa ɗaya na gaba ya gutsure. Ban san ya gutsure ba. Ban san yaushe ba, ko a kan me.

A nan na tsayar da shi na kalle shi, kallon da ban taɓa yi masa ba yana raye. Daga waje ina jin dattijuwar tana ta jan hira da ƙarfi a kan tsadar dusa, tana tambayar 'yata abubuwan da ba su da amfani. Na yi kuka iya yadda zan iya ba tare da an ji ba. Da na share fuska na yi gyaran murya, sai ga su sun shigo da fura, ba wanda ya dubi idona.

Abokin ya tura hoton zuwa wayata. Hoton ya shigo ya zauna a ƙarƙashin na ƙarshen da ɗana ya aiko, wani farin masallaci a kan tudu. Na tambaye shi haƙorin. Ya ce tun shekarar farko ne, bakin bokitin siminti ya buge shi, har suna tsokanarsa da shi.

Kafin mu gama sallama la'asar ta wuce, direbobi sun ce ba mai fita. Muka kwana a gidan.

Da safe a tasha na ce wa 'yata ta wuce gida ta faɗa wa mahaifinta zan biya Bakura. Na tarar da Inna a bakin ƙofar ɗakinta tana shan hantsi, ƙafafunta a miƙe. Muka gaisa. Na faɗa mata inda na je da abin da na samo, na ɗora mata wayar a hannu. Ta shafa gilashin da babban yatsa, ta kai shi dab da idonta, ta juya shi wajen rana, sannan ta miƙo mini.

Ta ce, “Ba ni ganin komai. Ke duba ki faɗa min. Ya yi jiki?”

Ƙannena mata biyu suna nan tsakar gida suna daka, sun tsayar da taɓare suna saurare. Na zauna kusa da ita na buɗe hoton zuwa daidai inda yake tsayawa.

Na ce, “Ya rame, Inna. Ya bar gemu.”

“Gemu? Shi? Ya cika ko irin na ubanshi ne, tsilli-tsilli?”

“Ya cika.”

“To. Fara daga goshi, ki bi a hankali, kada ki tsallake min komai.”

Na gyara zama na fara daga goshi.